Motar Daji: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Canza Haƙoran Pon

Ƴan'uwa manoma da masu motocin kasuwa, a ƙasarmu kwalta ɗaya ce babba. Ita ce hanya mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. Ta biyo ta Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi, ta ratsa Cadawa, da Agye, da Gazawa, ta nufi Tasawa da Damagaram. Amma yawancin garuruwanmu ba a bakin kwalta suke ba. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ko burji, sai rairayi da jigawa, in damina ce kuma ga taɓo da ruwa kwance.

Motar daji, wato akori-kura, ita ke bin waɗannan hanyoyi. Ita ke ɗauko gero, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da aya zuwa kasuwa. Ita ke kai taki ƙauye. Ita ce kuma ake nema da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama, ko zazzaɓin cizon sauro ya tsananta wa yaro. Motar da ta kafe a rairayi da buhuna, hasarar dukiya ce. Motar da ta lalace da majinyaci a ciki, tana iya zama hasarar rai.

Saboda haka masu mota ke neman dabarar ƙara mata ƙarfi. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce canza haƙoran pon. Aikin yana da amfani idan an yi shi da sani. Idan an yi shi da ka, yana kashe mota. Wannan bayani zai nuna yadda abin yake.

Mene ne pon?

Ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin mota ta baya. Za ka ga wani dogon ƙarfe ya haɗa tayoyi biyu. A tsakiyarsa akwai wani ƙullutu kamar tulu. Makanikan Nijar suna ce wa wannan ƙarfe pon. A Katsina da Kano ana ce masa aksul. Yana da kyau ka san sunayen biyu, tun da kayan gyara da yawa daga can suke zuwa.

Za ka ga kuma wani dogon bututun ƙarfe ya taso daga wajen giya ya shiga cikin tulun. Sunansa kardan, a Najeriya kuma farfela. Inji yana juya giya, giya tana juya kardan, kardan yana juya abin da ke cikin tulu, shi kuma ya juya tayoyi.

Pon yana da aiki uku.

Na farko, yana karkata juyi. Kardan yana kwance ne daga gaba zuwa baya, tayoyi kuwa suna dama da hagu. Pon ke karɓar juyin ya raba shi gefe biyu.

Na biyu, yana barin taya ɗaya ta fi ɗaya sauri a kan kwana. Mai shanun huɗa ya san wannan. Idan aka kai ƙarshen kunya za a juyo, san da ke waje yana yin taku da yawa, na ciki kuwa kaɗan yake takawa. Haka tayoyin mota suke. Akwai ƙananan haƙora a tsakiyar tulu masu yin wannan aiki.

Na uku, yana rage sauri ya mai da shi ƙarfi. Wannan aiki na uku shi ne maganarmu ta yau.

Ƙarfe biyu masu haƙora

A cikin tulu akwai ƙarfe biyu masu haƙora da suke cizon juna. Babban yana kama da faranti, ana ce masa kuron. Ƙaramin yana kan kardan, ana ce masa pinyon. Ƙaramin ke juya babban.

Mu ɗauka kuron yana da haƙori 41, pinyon yana da haƙori 10. Kafin kuron ya zagaya sau ɗaya, sai pinyon ya zagaya sau huɗu da ɗan ƙari. Idan ka raba 41 gida 10, za ka sami 4,10. Wannan ita ce lambar pon. Ma'anarta: kardan zai juya sau huɗu da ɗan ƙari kafin taya ta juya sau ɗaya.

Ga lambobin da aka fi samu a motocin Toyota irin na daji:

- Haƙori 37 da 10, lambarsa 3,70.
- Haƙori 41 da 10, lambarsa 4,10.
- Haƙori 37 da 9, lambarsa 4,11.
- Haƙori 43 da 10, lambarsa 4,30.
- Haƙori 41 da 9, lambarsa 4,56.
- Haƙori 39 da 8, lambarsa 4,88.
- Haƙori 37 da 7, lambarsa 5,29.

A kan kayan da suka fito ta Najeriya, za ka ga ɗigo a maimakon waƙafi, kamar 4.10. Duk abu ɗaya ne.

Ga ƙa'idar da za ka riƙe. Idan lamba ta ƙaru, ƙarfin ja yana ƙaruwa, gudu yana raguwa. Idan lamba ta ragu, gudu yana ƙaruwa, ƙarfin ja yana raguwa. Mai keke ya san haka. Idan aka sa wa keke babban faranti a tayar baya, hawan tudu yana sauƙi, amma sai ka yi ta taka feda kafin ka ci nisa. Injin mota ƙarfinsa ɗaya ne, canjin haƙora ba ya ƙara masa komi. Musaya kawai ake yi: ka ba da gudu, ka karɓi ƙarfi.

Motocin da muke da su

Motocin daji iri biyu ne. Akwai mai pon ɗaya, wadda tayoyin baya kaɗai ke ja. Misalinta Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya. An daɗe ana harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a shekarar 1975, shi ya sa suka yawaita a ƙasar Hausa.

Akwai kuma mai pon biyu, gaba da baya, wadda ake kira kat-kat. Tayoyinta huɗu duka suna iya ja. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara yin Hilux a shekarar 1968, ya fito da mai pon biyu a 1979. Land Cruiser irin ta aikin daji, wadda ake kira samfurin 70, ta fito a 1984. Waɗannan motoci sun sha hannu. Wata ta yi masu ita biyar ko shida kafin ta iso gare ka. Kowane mai ita ya canza mata wani abu. Don haka kada ka ɗauka abin da ke cikin tulu shi ne wanda ta zo da shi daga masana'anta.

Yaushe canjin yake da dalili?

Babban dalili shi ne canza girman taya. Masu mota da yawa suna cire ƙananan tayoyi su sa manya, don cikin mota ya ɗaga daga ƙasa, kada ya riƙa shafar rairayi. Dabara ce mai kyau, amma tana da tsada a ɓoye.

Ga misali. Tayar da aka rubuta wa 205 R16 tsayinta wajen santimita 73 ne. Tayar da aka rubuta wa 7.50 R16 tsayinta wajen santimita 81 ne. Ƙaramar tana cin santimita 230 a juyi ɗaya, babbar tana cin wajen 254. Wato babbar taya tana neman inji ya tura mota nesa a kowane juyi. Ƙarfin ja ya ragu ke nan da wajen kashi ɗaya cikin goma.

Alamomin haka a fili suke. Mota tana nauyin tashi. Direba yana yawan riƙe kuloci kafin ta motsa, har faifan kuloci ya riƙa ƙonewa yana wari. Tudun da take hawa a giya ta uku, yanzu sai a ta biyu. Inji yana yawan zafi a cikin rairayi.

A nan canza haƙoran pon yana mayar wa mota ƙarfinta na asali. Ga yadda ake lissafi. Ka ɗauki tsohuwar lamba, ka ninka ta da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwar taya. A misalinmu: 4,10 sau 81, a raba gida 73, ya ba da 4,55. Lambar da ta fi kusa ita ce 4,56. Ita ya kamata a nema. Wanda ya tsallake zuwa 5,29 ya wuce gona da iri.

Dalili na biyu shi ne irin aikin mota. Motar da kullum tana cikin daji, daga ƙauye zuwa ƙauye, ba ta buƙatar gudu. Ƙarin lamba kaɗan zai taimake ta. Amma motar da ke zirga-zirga a kwalta tsakanin Gazawa da Maraɗi, ko Maraɗi da Gidan Rumji, ƙarin lamba zai cuce ta.

Abin da za ka biya

Kowace riba da kuɗinta. Ga abin da ƙarin lamba ke jawowa.

1. Shan mai a kwalta. Idan aka tashi daga 4,10 zuwa 4,88 ba tare da an canza taya ba, inji zai ƙara juyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Inda yake juyi 2500 a minti ɗaya, zai koma kusan 3000 a gudu iri ɗaya. Zai ƙara ƙara, ya ƙara shan mai, ya kuma tsufa da wuri.

2. Raunin pinyon. Dubi jerin da ke sama. A 4,10 pinyon yana da haƙori 10, a 5,29 kuwa 7 kaɗai. Yadda lamba ke hawa, haka pinyon ke ƙanƙancewa. Ƙaramin pinyon ya fi saurin karyewa idan aka fizgi mota da kaya a kanta.

3. Wahalar sandunan taya. Ƙarfin da ya ƙaru yana bi ta cikin sandunan ƙarfe biyu da ke kai juyi ga tayoyi. Su ba a canza su ba. Idan taya ta yi ta juyawa a rairayi sannan ta cafki ƙasa mai tauri farat ɗaya, sanda tana iya murɗewa ta tsinke.

4. Ƙaryar agogon gudu. A tsofaffin motoci, agogon yana ƙirga juyin da ke fita daga giya ne. Idan ka sa manyan tayoyi kaɗai, agogo zai nuna kilomita 80 alhali kana gudun 88. Idan ka ƙara lambar pon kaɗai, zai nuna fiye da gudun da kake yi. Direba ya san da haka.

Doka mafi girma: gaba da baya su zama ɗaya

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci ga mai kat-kat. Lambar pon ɗin gaba da ta baya dole su zama ɗaya.

Sau da yawa ɓarna tana shigowa ne ba da niyya ba. Pon ɗin baya ya lalace. Mai mota ya aika a sayo masa na hannu daga Maraɗi, ko Katsina, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Aka kawo wanda ya yi daidai da mazauninsa, ƙusoshi suka shiga, aka ɗaure. Ba wanda ya ƙirga haƙora. Mota ta tafi lafiya, domin a kwalta tayoyin baya kaɗai ke ja. Sai ranar da aka shiga rairayi aka sa tayoyi huɗu, ranar matsala za ta bayyana.

Mu yi lissafi. A ce gaba 4,10 ne, baya 4,56, taya kuma tana cin mita biyu da rabi a juyi ɗaya. Idan aka sa tayoyi huɗu, kardan na gaba da na baya suna juyi tare, ba wanda ya fi wani. In suka juya sau 100, tayoyin gaba suna son cin mita 61, na baya suna son cin mita 55. Bambancin mita 6 ke nan a ƴar wannan tafiya. Kamar a haɗa dogon sa da gajeren maraƙi a karkiya ɗaya ne: ɗaya na ja, ɗaya na turjewa.

A rairayi mai laushi tayoyi za su riƙa zamewa, sai mota ta riƙa tona wa kanta rami, ta kafe inda da ba ta kafewa. A ƙasa mai tauri tayoyi ba su zamewa, sai wahalar ta koma kan ƙarfe. Abin da ya fi rauni shi zai karye: ko kardan, ko haƙoran pon, ko ƙaramin akwatin giya da ke raba ƙarfi gaba da baya. Gyaran wannan ya ninka kuɗin pon ɗin da aka saya.

Alamomin rashin daidaito su ne: mota ta yi nauyi kamar an taka birki da zarar an sa tayoyi huɗu, sitiyari ya yi tauri, a ji ƙara kamar ana bugun ƙarfe, sandar giyar taimako ta ƙi fita. Idan ka ga haka, ka tsaya. Ka yi baya kaɗan don ƙarfe ya saki, ka cire tayoyi huɗu, ka nufi gareji.

Haka nan tayoyi huɗun su zama girma ɗaya. Manya a baya da ƙanana a gaba suna yin ɓarna iri ɗaya da ta haƙoran da ba su dace ba. Wanda kuma ya yi niyyar canza lamba, ya sani pon biyu zai canza. In kuɗin ɗaya gare shi, ya dakata har ya sami na biyu.

Yadda za ka gane lambar motarka

Hanya ta farko, ƙirga haƙora. Ita ce mafi tabbaci. Idan tulu a buɗe yake, ka sa alli a haƙori ɗaya, ka ƙirga har ka dawo kansa. Ka ƙirga na kuron, ka ƙirga na pinyon, ka rubuta. Sau da yawa an buga adadin a gefen kuron, kamar 41 da 10. Kada ka biya kuɗin pon na hannu sai ka ƙirga da idonka.

Hanya ta biyu, juya taya. Ba sai an kwance komi ba.

1. A tsai da mota a wuri mai tauri, marar gangara. A kashe inji.
2. A tokare sauran tayoyi uku da duwatsu ko itace, gaba da baya.
3. A ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a sa kututture mai ƙarfi ƙarƙashin pon. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
4. A cire giya, a saki birkin hannu.
5. A sa alamar alli a taya, a sa wata a kardan.
6. Mutum ɗaya ya juya taya sau biyu cif. Wani ya leƙa daga gefe yana ƙirga juyin kardan.

Idan kardan ya juya sau huɗu da ɗan kaɗan, lambar 4,10 ce ko 4,11. Idan huɗu da rabi ne, 4,56 ce. Idan ya kusa biyar, 4,88 ce. Don ƙarin tabbaci, a juya taya sau 20, a raba juyin kardan gida 10. Idan taya ta ƙi juyawa, wataƙila pon ɗin irin mai riƙe tayoyi biyu tare ne. Sai a ɗaga tayoyin baya duka biyu, a juya sau ɗaya kawai. Haka za a gwada na gaba, bayan an kulle makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba.

Hanya ta uku, ƙaramin allon ƙarfe da masana'anta ta manna a wajen inji ko bakin ƙofa. Akwai harufan da ke nuna irin pon, ƙwararren makanike yana iya karanta su. Amma allo yana faɗin abin da mota ta zo da shi ne, ba ya faɗin abin da aka sa mata daga baya.

Aikin gwani ne

Ɗaura kuron da pinyon ba aikin gindin bishiya ba ne. Ga abin da za ka lura da shi a gareji.

Kuron da pinyon tare ake yin su, tare aka goge su a masana'anta har suka saba da juna. Tare ake canza su. Kada a haɗa kuron na wata mota da pinyon na wata, ko da adadin haƙora ya yi daidai. A wasu motoci kuma yankan haƙoran gaba daban yake da na baya, ba a musanya su.

Tsakanin haƙoran akwai ɗan sarari da ake bari. A yawancin waɗannan motoci bai kai kaurin takarda biyu ba. Idan ya matse, pon zai yi zafi. Idan ya yi yawa, zai riƙa bugawa. Da agogon awo ake auna shi, hannu ba ya iya ji.

Makanike na gari yana shafa fenti a haƙoran kuron, ya juya, ya duba inda pinyon ya taka. Sawun ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori. Idan ya zauna a baki ko a gindi, sai ya sake gyara. Wanda bai yi wannan gwaji ba, bai gama aiki ba. Pon ɗin da aka ɗaura ba daidai ba yana kuka kamar iska, kuma haƙoransa suna cinyewa da wuri.

A duba boris, a sa sababbin robobin da ke tare mai. A yi aikin inda iska ba ta kwaso rairayi. Tsabar rairayi kaɗan a cikin tulu tana cin ƙarfe kamar magagari.

A zuba man giya mai kauri wanda aka rubuta wa GL-5, kamar 80W-90. Man inji bai dace da pon ba. A zuba har ya kai bakin ramin da ke gefen tulu.

Sababbin haƙora suna son lallashi. A tafiyar farko, a yi kilomita 25 ko 30, a tsaya su huce. A kilomita 800 na farko kada a yi lodi mai nauyi, kada a ja wata mota. Bayan nan a juye man, a zuba sabo.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada waɗannan

Sau da yawa motar da ake cewa ba ta da ƙarfi ba canjin haƙora take so ba.

Ka yi amfani da giyar taimako. Kat-kat tana da ƙaramar sanda ta biyu kusa da sandar giya. Idan aka kai ta inda aka rubuta L4, ƙarfin ja yana ninkawa wajen sau biyu ko fiye. Babu canjin pon da zai ba ka haka. Ka sa ta tun kafin ka shiga rairayi, kada ka bari sai ka kafe. Ka cire tayoyi huɗu da zarar ka hau kwalta.

Ka rage iskar taya a rairayi mai zurfi. Taya mai ɗan laushi tana shimfiɗuwa kamar tafin raƙumi, ba ta nutsewa. Ka tafi a hankali, ka kuma mayar da iska kafin ka hau kwalta, domin taya marar iska tana zafi ta fashe.

Ka duba matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta, inji ya kasa numfashi. Ka duba matatar mai, da kuloci, da birkin da ke kamawa shi kaɗai.

Ka rage kaya. Yawancin akori-kura an yi su ne don ɗaukar wajen tan ɗaya, wato buhu 10 mai kilo 100, har da nauyin mutane a ciki.

Ƙarfin ja ba ƙarfin ɗauka ba ne

A nan haɗari yake. Mai mota ya canza haƙora, ya ga tana tashi da buhu 20 ba gardama, sai ya ɗauka ta zama babbar mota. Amma birki bai canza ba. Tayoyi, da sifirin, da boris, duk na da ne. Motar da ta iya tashi da kaya ba lalle ta iya tsayawa da su ba. Kaya masu tsawo da mutane a sama suna sa mota ta kife a kwana ko a gefen jigawa. Waɗanda ke zaune a kan buhuna iyayen wasu ne da ƴaƴan wasu. Sawu biyu lafiya sun fi sawu ɗaya da kuka.

Damina da lafiyar gida

A saman pon akwai ɗan ƙaramin bututun shan iska. Idan pon mai zafi ya shiga ruwa, kamar a mashigin Gulbin Maraɗi ko wani fadama, yana iya zuƙo ruwa ciki. Bayan ƙetare ruwa mai zurfi, a buɗe a duba man. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a canza shi nan da nan.

Tsohon man da aka juye guba ne. Kada a shafa shi a miki, ko a ƙazuwar yaro, ko a jikin dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a gona. Kada a zuba man ci ko ruwan sha a jarkar da ya taɓa zama. A tara shi a rufe, nesa da yara, a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Abin da za a riƙe

Ka san lambar pon ɗinka, gaba da baya. Ka rubuta su a takarda, tare da girman taya da ranar da aka zuba mai, ka ajiye cikin takardun mota. Duk ranar da za a sayo pon, ka ba ɗan aike takardar, ka ce ya ƙirga haƙora kafin ya biya. Idan motar ƙungiyar manoma ce ko ta gari, sakatare ya rubuta a littafin ƙungiya, domin direba yana canzawa, littafi yana nan.

Ku kuma da kuke karatu a aji, ga aikin gwaji. Kuron mai haƙori 39, pinyon mai haƙori 8: nawa ne lambarsa? Zai zauna da pon ɗin gaba mai haƙori 41 da 10? Ku yi lissafin a allo, sannan ku karanta wa direban garinku wannan shafi tun kafin kaka ta kama.